Maɗori a Zauren Baba

Kwana ashirin da uku ke nan da yi wa Kalilu aiki a wuya, amma ba wuyan ne ya hana shi sakat ba, kafaɗarsa ta dama ce. Ciwon yakan taso daga gindin wuya ya gangaro allon kafaɗa kamar ana tsiyaya masa ruwan zafi. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai a kasuwar Mai'adua, yau ko moɗa ba ya kaiwa baki sai ya ciji leɓe.

Matarsa Haulatu ce ta yi jinyarsa a Kano tun ranar da babur ya watsar da shi a hanyar Kongolam, don haka ita ce ta ji bayanin likita da kunnenta. Ya ce sun haɗe ƙasusuwan wuya biyu da ɗan ƙarfe da kusoshi, kuma sai an yi watanni kafin su kama. Ciwon kafaɗa kan biyo baya, a sha magani a yi haƙuri. Sai dai ya ɗaga yatsa ya nanata: kada a ja, kada a murɗa, kada a cire abin da aka ɗaura masa a wuya. In ƙarfen ya goce ya taɓa laka, to shi ke nan, sai a kwantar a tayar.

Wanda bai ji wannan bayani ba shi ne mahaifin Kalilu, Malam Abdulbaƙi, wanda ake kira Baba. To wa zai gaya masa? Shekarar Haulatu tara a gidan, iyakar abin da ke haɗa ta da surukinta gaisuwa ce, a durƙushe, daga bakin ƙofa. Shi kuwa gogan naka Kalilu, duk kurinsa na kasuwa, a gaban ubansa bakinsa mutuwa yake yi. In aka tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi, kafaɗa ce kawai.

Tsohon ba mugu ba ne, tausayi ne ya ishe shi. A ganinsa likitocin birni sun gyara wuya sun manta da kafaɗa, alhali kowa ya san in mutum ya faɗi daga babur kafaɗa ce ke fara gocewa. Ran Laraba da hantsi sai ga shi da Mahdi maɗori daga Mashi, wanda ya taɓa ɗora masa ƙafa ta warke sumul. Aka kira Kalilu zaure.

Haulatu na cikin tankaɗe ta ji an ambaci ɗori. Ta ajiye rariya ta laɓe a bayan zana, ta inda ake hango cikin zauren. A kan idonta aka kwance abin wuyan aka ajiye a tabarma. Kalilu ido kawai yake zarewa. Maɗori ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya lalubi kafaɗar da babban yatsa, ya girgiza kai ya ce lallai akwai gocewa.

Tsoro ya kama ta. Surukarta ta tafi barka, gidan babu babbar da za ta shige mata gaba. Ta yi gyaran murya, ba wanda ya kula. Ta ɗauki kwanon sha ta sake shi a ƙasa da gangan, ya yi ƙara ya gama, Baba ko waiwaye bai yi ba. Ta ɗaga ƙafa za ta shiga, kunya ta mayar da ita. Mace ta faɗa zauren surukinta gaban baƙo? Har ta mutu ana ba da labarinta a ƙauyen.

Tana cikin wannan kai-kawo maɗori ya kafa gwiwa a haƙarƙarin Kalilu, Baba ya riƙe masa kai, aka fizgi hannun. Kukan da ya fito daga bakin mijinta ba ta taɓa jin irinsa ba, ko a gadon asibiti. Maɗori ya ce saura ƙiris, jijiyar wuya ce ta riƙe. Ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin haɓar Kalilu.

Ba ta san lokacin da ta tsinci kanta a tsakiyar zauren ba, babu mayafi, hannu duk gari.

"Baba, don girman Allah a dakata. Akwai ƙarfe a cikin wuyan nan."

Tsohon ya kawar da kai ya fuskanci bango, ya ce wa Kalilu ya gaya wa iyalinsa ta koma ciki. Amma maɗori tuni ya janye hannuwansa, ya ɓoye su a bayansa.

"Ƙarfe? Haba Malam, ai ba ka gaya mini ba."

"Ni ma yanzu nake ji," in ji Baba.

Haulatu ba ta koma ciki ba. Ta ɗauki abin wuyan ta mayar wa mijinta a hankali. Sannan ta durƙusa, a gaban surukin nata, ta yi abin da ta ga ma'aikatan jinya na yi kowace safiya. Ta sa yatsunta biyu a tafin hannun Kalilu na dama ta ce ya matse.

Baba ya juyo daga bango yana kallon hannun ɗansa. Ta jira, ta sake cewa ya matse da ƙarfi.

"Ai tun ɗazu na matse," in ji Kalilu. "Ba ki ji ba?"

Yatsunsa na nan a buɗe a kan nata, ko motsi ba su yi ba.