Wayar da Ta Faɗi a Hanyar Yalwa

Malam Isyaku manomi ne a Yalwa, kuma bai taɓa gane aikin 'yarsa Juwairiyya ba. Ya dai san ta karanci lantarki a Kano, ta zarce da bincike. In an tambaye shi a bakin masallaci sai ya yi murmushi ya sauya zance.

Wata La'asar a daminar bana iska ta taso yana dawowa daga gona da shanun huɗarsa. Reshen ɗorawa ya karye ya danne babbar wayar wuta da ta bi gefen hanya. Wayar ta tsinke ta faɗo gabansa da wani shuɗin haske, ciyawa ta kama hayaƙi. Kafin ya ƙarasa salati komai ya lafa. Shanun suka fizge suka gudu, shi kuwa maƙwabcinsa Habu ne ya kawo shi gida a babur.

Washegari Juwairiyya ta iso. Ta tsugunna ta gaishe shi, ta duba shi sosai, sannan ta ciro wani abu daga jaka. Farin tangaran ne kamar ƙaramin tulu, an tsaga shi biyu, a ciki ga faifan tagulla biyu suna fuskantar juna, bangon ƙarfe ya kewaye su.

"Baba, na biya ta tashar raba wuta a Rano na karɓo wannan. Irin wannan ce ta katse wutar jiya."

Ya karɓa yana jujjuyawa. "Wannan ɗan abin?"

"Da waya ta taɓa ƙasa, faifan nan biyu sai su rabu. Amma wutar ba ta haƙura nan take, sai ta yi tsalle tsakaninsu kamar ta mai walda."

"To me take ci a ciki?"

"An zuƙe iskar ciki kaf, don haka jikin tagullar take narkarwa. Tururin ƙarfen ya zama ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu ɗauke da caji. Su ne gadar da wutar ke bi. Ita kuma lantarki kai da komo take yi, a kowane juyi akwai ɗan lokacin da take mutuwa. A nan ƙwayoyin ke watsewa su manne a bangon ƙarfen nan. In ta dawo, babu gada."

Malam Isyaku ya shafa bangon da ɗan yatsa, ya ji kaushin ƙarfen da ya daskare.

"Ke kika ƙera ta?"

"A'a, Baba. Ni gudun ƙwayoyin nake aunawa, da inda suke nufa. In suka yi nawa, wutar sake kamawa take yi. Amma ko da wannan, kada ka kusanci wayar da ta faɗi."

Ya ɗaga murya ya kira matarsa.

"Ramlatu, bar tsintar shinkafar nan ki zo. Juwairiyya, maimaita mata daga farko, a hankali. Ni ma ina son in ƙara ji."

Da za ta koma Kano, shi ya ɗauki jakar da kansa har tashar mota, bai yarda an sa ta a but ba. Sai da ta zauna ya ɗora mata a cinya, ya sa mata albarka.