Raƙuman Kogon Roni

Ana jibi Gwamnan soja zai buɗe sabuwar kwalta, dagaci ya sa a shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa. Madu ya shiga kogo da bokiti, ya tarar da gwaggonsa Bintu zaune gindin raƙuman da fatake suka zana a bango. A da, Barebari masu kanwa da Buzaye masu gishiri, duk ayarin da ya yada zango sai ya bar nasa.

"Gwaggo, dagaci ya ce zanen nan ƙazanta ne, in shafe shi."

"Wancan mai karkataccen wuya kakana ya zana shi. Bai iya zane ba, amma daga Kukawa ya tako."

Ta miƙe, ta manna bayanta da bangon.

"Shafa mana. Ka fara da ni, Gwamna ya zo ya ga farar tsohuwa."