Dabbobin Verna Sun Dawo Gida

"Ɗaga shi sama, Gwen! Kin ɗora babban yatsanki a idon kuregen."

Na ɗaga. Ina tsaye a barandar Verna, hannu ɗaya riƙe da bargon da take ɗinkawa, ɗayan da wayarta, iska tana ta watso mana busassun ganyaye. Ita tana zaune a keken marasa lafiya, duk ta zube, sai bakin nan nata da ciwo bai taɓa ba.

"Kuma kada keken nan ya fito a hoton."

"To ki tashi ki ɗauka da kanki mana."

"Da ina iyawa ke zan kira? Ke da ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa?"

Verna maƙwabciyata ce tun 'ya'yana suna rarrafe, a ɗan garinmu na jihar Iowa a Amurka. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Duk shekara, da kaka ta kama aka fara yankan masara, sai ta zazzage buhunan ƙyallayenta, ta yanka, ta ɗinka dabbobin da take gani ta taga: kurege, barewa, mujiya, zomon da ke cinye mata kabeji. Ta harhaɗa su su zama bargo. Kowace Juma'a sai ta ɗora hoton inda ta kai a shafinta na intanet, matan da ba ta taɓa gani ido da ido ba su yi ca a kai, wannan ta ce barewar ta yi kama da jaki, waccan ta ce a ƙara wa zomo kunne. In bargon ya kammala ba ta sayarwa. Duk wadda ta ji an yi mata rasuwa a cikinsu, ko tana jinya, sai ta naɗe ta aika mata.

A kakar nan ciwon daji ya ci ƙarfinta, ɗaukar hoton ya dawo kaina. Ta hana ni gaya musu.

"In suka ji, za su daina yi mini tsiya su koma lallaɓa ni. Ni kuwa tsiyar nake so."

Ran nan na kai mata miyar kabewa, ta ce in buɗe babban kabad ɗin ɗakinta. Na buɗe, babu komai sai zanin gado biyu. A garinmu, in mai ɗinkin bargo ta rasu, bargunanta ake ratayawa a jikin bencinan coci ranar jana'iza, mutane su zauna cikin aikin hannunta.

"Kin tuna jana'izar Hilda?" ta ce. "Har benci na ƙarshe sai da ya samu. Ga ɗinkinta kuma duk a karkace."

"Allah Ya ji ki, Verna."

"Ya daɗe Yana jina. Ni nawa bencinan tsirara za su zauna, Gwen. Duk na rabar."

Dariya ta yi, amma na ga yadda ta kau da kai wajen taga. Na ce bari in rubuta wa matan nan su ara mana bargunan, in an gama a mayar musu.

"Kul! Abin da na bayar na bayar. In na mutu ki yi abin da kika ga dama, amma ina numfashi ba za ki yi mini roƙo ba."

Taurin kanta ya ba ni haushi har na fita ban ɗauki kwanona ba. Da yamma kuma na dawo, na zura mata zare a allura, don idonta ya daina ganin kafar.

Ranar Litinin da hantsi ta cika, injin yankan masara yana ta ruri a gonar bayan gida. Ina riƙe da hannunta. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun mutuwar mahaifiyata. 'Yarta Marcy ta iso daga Arizona washegari, idanu a kumbure, ta ce ranar Alhamis za a yi jana'iza.

"Marcy, ki ƙara ko mako ɗaya ne. Akwai barguna a hanya."

"Anti Gwen, ba ni da hali. Na bar yara wajen maƙwabta, wurin aiki ma da ƙyar suka sake ni."

Ban ga laifinta ba. Tun ranar Litinin ɗin na riga na rubuta a shafin Verna cewa ta tafi, na gaya musu maganar bencinan. Kafin in ajiye wayar amsoshi sun fara shigowa, kowa na cewa gobe da sassafe za ta kai nata gidan waya. Sai dai ƙasar nan da faɗi take.

Ranar Alhamis bargo ɗaya ne ya iso. Wata dattijuwa mai sanda, Bernice, ita ta tuƙo mota tun daga Nebraska da shi, mai mujiya a tsakiya. Muka rataya shi a bencin gaba. Na kuregen da bai ƙarasu ba muka shimfiɗa a kan akwatin gawar, allurar tana soke inda ta tsaya. Sauran bencinan katako ne zalla har bakin ƙofa. Fasto ya yi ta magana, ban ji ko kalma ɗaya ba, katakon nake kallo zuciyata tana ƙuna.

Marcy ta kulle gidan ta tafi da asubar Juma'a. Da rana sai ga Lyle mai raba saƙo a ƙofata, yana share hanci da bayan hannu.

"Gwen, ki fito ki taya ni. Motar cike take, kuma duk sunanta ne."

Haka bargunan suka yi ta zuwa har cikin makon gaba. Wasu sun koɗe don wanki, wani gashin kyanwa duk ya manne masa, wani yaro ya tauna gefensa. Na cika igiyar shanyar Verna, na cika tawa, na bi dangar da ke tsakaninmu ina ratayawa. Barewa mai kama da jaki ta dawo, zomon kabeji ma ya dawo.

Da Juma'a ta zagayo na ɗauko wayarta na tsaya a baranda, daidai inda na saba tsayawa, na ɗauki hoto don matan su gani. Da na duba, babban yatsana ya rufe kusurwa guda. Na tsaya da wayar a hannu ina jiran in ji tsiyar Verna. Iska tana ɗaga bargunan tana saukewa, ganyaye suna taruwa a ƙarƙashin keken, inda muka bar shi.