Kira a Gindin Darbejiya

Shekara ashirin da bakwai Malam Gwadabe ya yi yana tantance fata a wata masana'antar jima da ke Challawa. Kullum da sanyin safiya yake tuƙo kekensa daga Panshekara, ya jingine shi a jikin katanga, ya shiga dogon ɗakin da ake jibge fatun awaki bayan an jeme su sun bushe. Aikinsa shi ne ya ɗauki kowace ya shafa, ya ɗaga ta saitin taga, ya ce wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan kuwa ƙaya ta ɓata ta tun akuyar tana da rai. Daga nan a ɗaure su, a loda a kwantena, a yi Legas da su, jirgin ruwa ya kai su Italiya. Iyakar saninsa ke nan.

Da yake bai yi boko ba, da ajami yake sa alamarsa a bayan fatar da ke saman kowane ɗauri. Da fari darajar fatar kawai yake rubutawa. Da ya ga ba mai kulawa, sai ya fara ƙara abin da ya faɗo masa a rai. Wata rana ya rubuta, "An yi ruwan shuka jiya." Wata rana kuma, "Binta ta yi mini ɗanwake." Binta matarsa ce. Ran da jikarsa ta fara tafiya ma sai da ya rubuta. Yakan ji wani sanyi a zuciya in ya tuna kalmomin nan suna cikin duhun kwantena, teku tana lilo da su, za su je ƙasar da ba wanda zai iya karanta su.

A daminar 2008 aka kafa wani farin faranti a kan rufin ofis, aka ajiye wani ɗan akwati mai kunnuwa biyu a bakin taga. Zulaihat, akawun da ke kula da takardun fitar da kaya, ita manaja ya danƙa wa wata sabuwar waya mai faɗi kamar sabulun wanki, don magana da masu sayen fata na ƙetare. Gwadabe ya ga tana yini tana Turanci da wayar, bai taɓa ganin ta kankare kati ba. Rannan ya tambaye ta.

Ta ce, "Baba, wannan kiran ba ya bi ta layin kamfanin waya. Wayales ke nan. Akwatin can yana watsa intanet a cikin iska, wayar ta kama, murya ta bi ta nan har inda za ta."

"Iskar tasa har ina take kaiwa?"

"Har gindin darbejiyar can. In kun ƙara taku uku, ta yanke."

Tun daga ranar, in Gwadabe ya zo wucewa ta gindin bishiyar sai ya rage tafiya. Yana ji a ransa kamar yana ratsa wani rafi da ido ba ya gani, maganganun mutane suna gifta masa ta kafaɗa, wasu za su gabas, wasu arewa. Har hannu ya taɓa miƙawa, bai ji komai ba sai laimar damina.

Wata Alhamis bayan azahar, Zulaihat ta leƙo ɗakin fata riƙe da wayar, fuskarta da alamar mamaki.

"Baba, ku zo. Wani ke nemanku daga Italiya."

"Ni kuma? Ko an samu matsala a kaya?"

"Ba Bature ba ne. Ku dai zo."

Suka tsaya a gindin darbejiya. Gwadabe ya goge hannunsa a riga, ya kara wayar a kunne, ya yi sallama. Shiru. Can sai ya ji sallamarsa ta dawo masa a hankali, kamar wanda ya yi magana cikin rijiya. Bayanta wata murya ta biyo, da Hausar mutanen Damagaram.

"Wa alaikumus salam. Baba, ku ne mai rubutu a bayan fata?"

Gwadabe ya dubi Zulaihat, ya dubi ƙasa. Ya ce shi ne.

Mutumin ya ce sunansa Lawan, daga wani ƙauye Tsamiyar Bube yake, gabas da Matamaye. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida. Ya bi ta Agadas, ya zauna Libiya, ya haye ruwa, ƙarshe ya samu aiki a masana'antar da ke karɓar fatun Challawa, shi ke kwance ɗauri. Ranar da ya fara yanke igiya ya ga ajami, sai ya zauna a kan kayan.

"Shekara shida ina karanta ku, Baba. Na san shekarar da dawa ba ta yi ba. Na san ran da kekenku ya yi faci sau biyu. Da na ji akawunmu yana magana da Kano ba tare da tsada ba, na roƙe shi ya tambaya mini. Jikar nan da ta fara tafiya, ai ta shiga makaranta ko?"

Gwadabe ya yi murmushi. Ya ce, "Tana aji ɗaya. Surutu gare ta kamar kanari."

Dariyar Lawan ta ɗan jima a hanya kafin ta iso.

Manaja bai hana ba, muddin lokacin hutu ne. Saboda haka kowace Alhamis, in ma'aikata sun watse wajen masu abinci, Gwadabe ya ɗauko benci ya zauna a gindin darbejiya. Lawan ma ya samu irin wayar, yana kamo iskar ofishinsu daga bayan wani sito. Suka koyi haƙuri da juna, kowa ya faɗi tasa ya jira, don in sun yi gaggawa maganganunsu karo suke yi a hanya. Wani lokacin muryar Lawan takan narke kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, sai kuma ta taso sarai, ka ce a bayan bishiyar yake tsaye.

Ba kullum suke da abin faɗa ba. Ran da hadari ya haɗo, Lawan ya ce, "Baba, don Allah ku ɗaga wayar sama." Gwadabe ya koma ƙarƙashin rumfar ofis ya ɗaga hannu, ruwa yana dukan kwano, kwata tana gudu, wata mai fura tana kiran 'yar'uwarta su fake. Har hannunsa ya sage bai sauke ba. Shi ma Lawan yakan ɗaga tasa, Gwadabe ya ji ƙararrawar coci daga nesa da kukan wasu tsuntsaye da bai san su ba. Yakan lumshe ido ya ƙera garin a ransa, ya yi masa tituna da duwatsu, ya tsayar da Lawan a tsakiya, dogo, baƙi, mai faɗin kafaɗa.

Sai da kaka ta gabato sannan Gwadabe ya yi tambayar da ta daɗe tana cinsa.

"Lawan, kullum labarin gidana muke yi. Naka fa?"

Ya ƙara manna wayar a kunne.

"Ina da tsohuwa, Baba. Rakiya sunanta. Ko in ce na bar ta da rai. Na rubuta takarda sau biyu, ba amsa. Da na tafi ba salula a ƙasarmu, ban san lambar kowa ba. Tun ina cewa bari in zama wani abu tukuna, har kunya ta fi ƙarfina. Yanzu tambayar ma tsoronta nake ji."

Gwadabe ya riƙe maganar a ransa. Da ya koma gida ya kwashe labarin ya gaya wa Binta. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "To Malam, zaman me kake yi? Matamaye ai ba Makka ba ce."

Ya nemi hutun kwana uku. Ya shiga motar Daura, ya haye iyaka ta Kwangwalam, daga Matamaye ya hau amalanken wasu masu komawa daga kasuwa. Gero ya sunkuyar da kai hagu da dama, hanya ba ta ƙarewa, shi kuwa yana ta shirya yadda zai gaya wa Lawan in ya tarar da kabari.

Bai tarar da kabari ba. Ya tarar da wata 'yar tsohuwa a ƙofar bukka tana ɓare gyaɗa da lalube, don idanunta sun yi hazo. Ya gaishe ta, ya sha ruwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Ta ce ba wata takarda da ta taɓa zuwa. Ba ta ambaci sunan Lawan ba, da yake ɗan fari ne, sai dai ta ce "shi yaron".

"Kai da kunnenka ka ji shi?"

"Kowace Alhamis, Inna. Akwai mai shago a Matamaye da ke da salula. In na karɓi lambarsa, sai ya kira ki a can."

"A'a. Inda ka ji shi, nan za ka kai ni."

Ba yadda bai yi ba, ta ƙi. Washegari ta ɗaura ɗan ƙullin kayanta, ƙaninta ya raka su tasha. A Panshekara Binta ta share mata ɗaki, suka kwana biyu suna hira kamar sun shekara da sanin juna.

Ranar Alhamis Zulaihat ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta danna wayar yadda kowa zai ji, ta ajiye a gaban tsohuwar, ta koma ofis. Gwadabe bai sanar da Lawan komai ba tukuna. Da aka gaisa ya ce, "Lawan, ka samu wuri ka zauna. Na je garinku. Ga Inna a gabana."

Wani sauti ya fito daga wayar, ba magana ba ce. Can Lawan ya ce, "Inna." Ya sake cewa, "Inna."

Tsohuwar ta miƙa hannu ta laluba wayar, ta shafa gefenta da yatsa, sannan ta juya fuskarta wajen Gwadabe.

"Malam, tambaye shi, yana cin abinci?"

"Ai yana jin ki, Inna."

"Ka dai tambaye shi."

Gwadabe ya tambaya. Lawan ya ce yana ci. Ta ce a tambaye shi ko ya yi aure, ko akwai masallaci a inda yake, ko ciwon kunnen nan na ƙuruciya ya bar shi. Duk Gwadabe yana maimaitawa, amsa tana zuwa a makare, tana gyaɗa kai. Lawan ya fara neman gafara. Ta ɗaga hannu kamar yana ganinta.

"Ka ce masa ya bar wannan. Wanda ya ɓata aka gan shi, ba a tambayarsa hanyar da ya bi."

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, wayar ta yi tsit. Tsohuwar ba ta motsa ba. Ganyen darbejiya suna faɗo mata a kan mayafi ɗaya bayan ɗaya, har janareta ya tashi, fitilun akwatin taga suka dawo, Zulaihat ta fito ta sake haɗa kiran. Gwadabe ya miƙe ya ce zai je ya duba wani aiki. Daga ƙofar ɗakin fata ya waiwaya. Ta ɗauki wayar da hannu biyu ta kawo ta dab da bakinta, tana magana ƙasa-ƙasa, ba ta bukatar kowa a tsakani. Jera masa take yi, wane ya rasu, wance ta haihu, rijiyar bakin gari ta ƙafe an haƙa wata.

Kwananta tara a Kano, kira uku aka yi mata, manaja da kansa ya ce a bar ta. Da za ta koma, ta yarda aka karɓi lambar mai shagon Matamaye.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, Gwadabe yana cikin aiki maigadi ya aiko a ce yana da baƙo. Ya fita ya tarar da wani gajeren mutum fari, mai sanƙo, yana ɗan ɗingishi, da jaka a kafaɗa. Mutumin ya durƙusa ya gaishe shi, ashe Lawan ne. Daga filin jirgi yake, ya ce ba zai wuce gida ba sai ya biyo. Suka zauna a benci, hira ta ƙi tafiya. Kowa ya faɗi kalma biyu sai ya yi shiru yana jira, ga shi kuwa ba abin jira. Gwadabe yana kallon fuskar nan, ya rasa inda zai ajiye ta. Can dai ya kau da kai, ya zuba wa ƙasa ido, ya ce, "To, yaya hanya?"

Lawan ya fara ba da labarin jirgin, da yadda ya hango jar ƙasa ta taga. Gwadabe yana sauraro bai ɗago ba, sai ga abokinsa ya dawo masa tsaf. Suka yi ta zuba har aka busa tashi. Gwadabe ya ɗora jakar a bayan keke, suka kama hanyar Panshekara a ƙafa, don Binta ta riga ta ce duk ran da ya zo, ko da wasa kada a bar shi ya wuce bai ci tuwonta ba.