Maɗaurin Gilashin Raghad

Tun da Hamad ya fara kai 'yarsu Raghad nutso a tekun Shu'aiba, hira ta canza a gidansu da ke unguwar Shisha. Ko wajen cin abinci, uba da 'ya da hannu suke magana, irin ta ƙarƙashin ruwa. Ya haɗa yatsu biyu, ta mayar masa, su yi dariya. Ummulkhairi, uwar Raghad, wadda ta dafa abincin, sai dai ta bi su da ido.

Da can ita ce abokiyar sirrin yarinyar. Hamad ya fi sakewa da Larabci, don haka Hausa ta zama ta uwa da 'ya, a kicin, wajen yankan albasa. Yanzu Raghad ta shiga jami'a. In an yi mata Hausa ta amsa da Larabci, in ta juya wajen ubanta kuwa ko baki ba ta buɗewa.

"Umm Raghad, da kin ga murjanin nan," in ji Hamad. "Kamar lambu."

"Lambun da ba a tsinkar ko ganye ɗaya? Ku ci, shinkafa na hucewa."

Ranar Alhamis da hantsi, gida ba kowa, ta ɗauko gilashin nutson Raghad daga inda aka shanya shi, da niyyar ɓoye shi bayan buhun shinkafa. In babu gilashi, babu tafiya teku ranar Juma'a. Ta tsaya da shi a hannu, yana warin gishiri. Sai ta cika babbar roba da ruwa, ta sassauta maɗaurin har ya shige kan kitsonta, ta dulmiya fuska. Ba ta ga komai ba sai gindin robar da wani cokali da ya faɗa ciki. Amma ta gan shi tar, har zanen jikinsa. Ba ta ɗago ba sai da numfashi ya ƙare mata.

Duk da haka ta ɓoye shi.

Bayan la'asar Raghad ta birkice gidan da nema, har ta kai ga buhun. Ta kaɗe gilashin, ta sa, ya zame mata har wuya. Ta cire shi, ta dubi maɗaurin, ta dubi kan uwarta.

Hamad ya leƙo kicin ɗin, ya tambaye ta da hannu ko lafiya. Ba ta mayar masa ba.

"Umma," ta ce da Hausa, tana laluben kalmomin, "akwai wani wuri a can, ruwan iya ƙugu. Kifi na zuwa har ƙafa. Ni zan riƙe ki."

"Baban naki fa?"

"Sai ya tafi can ƙasan ruwa da tukunyar iskarsa. Yana da abokai."

Ummulkhairi ta ci gaba da yankan albasa, ba ta ɗago ba.

"Kar ki taɓa maɗaurin nan," ta ce. "Ki nema wa kanki wani gilashin."