Kwalbar Ƙarƙashin Randa

Wata huɗu Amatullah ta yi tana renon abin da bai kai ƙwayar gishiri ba. Digiri na uku take yi a kimiyyar sinadarai, kuma aikin nata kaf ya dogara ne da wata saiwa da mahaifinta, Malam Kalilu mai magani, yake haƙowa a dajin Baure. Shi kaɗai ya san itacen. Saiwar ƙarshe da ya ba ta ce ta tace a 'yar kwalba, ta bar ruwan ya daskare a hankali har ya fitar da kiristal, 'yar ƙwaya mai ƙyalli kamar gishiri, wanda za a saka a na'ura a ga yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinsa.

Zafi ne abokin gabar aikin. Ƙwayoyin nan ba su san zaman lafiya ba: da ɗumi ya taɓa su sai su kama rawa, hoto ya fito dishi-dishi, in ya yi yawa kuwa jerin ya watse. Wutar lantarki kuma sai ta ga dama take zuwa, firji ba abin dogaro ba ne. Shi ya sa da aka kira ta Daura jinyar Malam ta taho da kwalbar, ta binne a jiƙaƙƙen yashin ƙarƙashin randa.

Ranar Laraba Malam ya rasu. Amatullah ba ta yi kuka ba. Ta zauna kan tabarma cikin mata, ana yi mata ya haƙuri tana amsawa, kamar da bakin wata.

Ranar sadakar uku, bayan azahar, ta tona yashin. Wayam.

"Kwalbar kike nema?" in ji Goggo Haulatu, ƙanwar Malam, wadda ba ta taɓa ganin abu ta bar shi yadda ta same shi ba. "Ku 'yan boko sai a hankali. Wa ke ajiye magani a danshi? Ai ko Yaya ba zai yarda ba. Tun hantsi na shanya miki ita a rufin kwano, kusa da kuɓewa."

Amatullah ta taka turmi ta ɗauko. Kwalbar ta ƙona mata yatsu. Babu kiristal, ruwan ma da yake garai-garai ya koma ruwan ƙasa, alamar sinadarin kansa ya lalace. Ko a ƙanƙara aka saka shi ba zai dawo ba. Ta tsaya tana jiran ranta ya ɓaci, bai ɓaci ba. Ba ta ji komai ba sai zafin yatsun.

"Ya bushe ko?" Goggo ta tambaya, tana jiran godiya.

"Na gode, Goggo." Ta sauko daga turmin. "Baba ya taɓa faɗa miki sunan itacen da yake haƙowa a Baure?"

"Ni? Wane ni! Ko uwarki bai faɗa wa ba. Kullum cewa yake sai kin gama karatun nan zai kai ki ki gani da idonki."

"To," in ji Amatullah.