Burodin da Sale Ya Kai Kwaya

Sale ɗan kabu-kabu ne a Magariya, amma kowa ya san ba fasinja ke ciyar da shi ba, fetur ɗin da yake ɗaukowa daga bakin iyaka ne. Ranar da wata jarka ta kama wuta a tsakar gidansa har ta lashe rumfar girki, surukinsa Malam Umaru ya zo da kansa ya tafi da 'yarsa Nafi da jaririnta zuwa garinsu, Kwaya. Magana ɗaya ya yi: in Sale ya bar harkar fetur, ya zo ya ɗauki iyalinsa.

Sale bai bari ba. Ragewa ya yi, shi kuwa a wurinsa ragewa da bari duk ɗaya ne. Ya aika cewa ya daina, aka ce ya zo ran Juma'a.

Tsohon ba shi da haƙora, kuma ba abin da yake so kamar burodi da shayi. Burodin kuwa dogon nan ne, wanda in iskar hanya ta buge shi sai ya koma kamar icce. Sale ya sayi uku da zafinsu, ya naɗe su a ƙyalle mai tsabta, ya sa a leda. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, sai ya tura su cikin buhun da ke ɗaure a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya ƙulle bakin tam. Buhun da yake rufe jarkokinsa da shi ne. Hancinsa ya daɗe da daina jin wannan warin.

Ya samu Malam Umaru a zaure. An riga an fito da ƙunshin kayan Nafi, yana ajiye a bakin ƙofa. Sale ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa tsaraba yana jin kansa.

"Baba, ga shi, ko bushewa bai yi ba."

Tsohon ya matsa burodin, laushi kamar auduga. Ya gutsura, ya kai baki, ya ɗan tsaya. Sannan ya ci gaba da taunawa a hankali har ya haɗiye. Ya gutsuro wani ya miƙa wa Sale.

"Bisimilla, kai ma ka taɓa."

Abin da hanci ya ɓoye, harshe ya tona. Fetur ne zalla. Kunya ta rufe Sale, ya rasa inda zai sa idonsa, ga loma a baki, ba dama ya tofar a gaban suruki. Da tsohon ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

"Ka iya ajiyar burodi, Malam Sale," in ji Malam Umaru. "Allah ya yi albarka."

Ya juya ya ɗaga murya zuwa cikin gida.

"A zo a mai da kayan yarinyar nan ɗaki."